Ranar Da Na Kai Tarwada Gaya a Bokiti

Aikin farko da Baba Ilu ya ba ni a sana'ar su, wato kamun kifi, babu raga a cikinsa. Ya ce in tuɓe takalmi, in naɗe wando, in shiga rafi in bi shi daga mashayar shanu har gindin giyayya, in dawo in gaya masa abin da ƙafata ta taka. Na je na dawo.

"Me ka taka?"

"Ruwa, Baba."

"Madalla. Koma."

Na kawo wannan ne saboda ku, samarin da ke tare ni a bakin gada kuna cewa in ara muku birgi ku gwada, wai kun gani a waya, juyi ɗaya ne a watsa raga ta buɗe. Gaskiyarku, juyi ɗaya ne. Kowannenku zan iya koya masa jifan birgi tsakanin azahar da la'asar. Abin da ya ci min shekaru shi ne sanin inda ake jefawa, da watan da ake jefawa, da wurin da ba a jefawa ko da kifi yana tsalle a gabanka. Da baki ba na iya yi muku bayani, kun san halina, shi ya sa na rubuta.

Gidanmu gidan malamai ne, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Yayyena kowa da ɗalibansa. Ni karatu ya zauna min, koyarwa ce ta ƙi. Mahaifinmu ya duba, ya kama hannuna ya kai ni wurin amininsa Baba Ilu, wanda shi ne Sarkin Ruwan yankinmu. Har yau ina ɗaukar darasi a zaure da safe, in na rufe littafi in sauka rafi. Shekara talatin ke nan da 'yan kai.

Wannan tafiya cikin ruwa, sai da na yi ta wata biyu kafin ƙafata ta fara magana. Nan yashi ne, nan laka, nan tsakuwa, nan ruɓaɓɓen ganye ya taru. A wani wurin ruwan sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi har ka ji shi a idon sawu. Kowane wuri kuma da mai shi. Karfasa yashi take so, inda hasken rana ke kaiwa ƙasa. Tana share ɗan wuri zagayayye kamar faranti, in ka taka za ka ji shi. Tarwada ta fi son laka da duhu da saiwar itace, jefi-jefi ta leƙo ta haɗiyi iska ta koma. Kurungu yana maƙale a ƙarƙashin kututture da ƙayoyinsa uku, in ka kama shi ya yi ta gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Kawara ba ta zama sai a ruwa mai gudu, ranar da rafi ya tsaya ita ce ta farkon ɓacewa. Gaiwa kuwa ba ruwanta da guje-guje: in ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta naɗe ta kwanta, da fartanya ake kamun ta.

Ranar da na fara kafa gura ni kaɗai, kaka ce. Gura shi ne tarkon da ake saƙawa da baki mai shiga babu fita. Guda goma sha biyu na jera a bakin ƙoramun da ke haɗa fadama da rafi, kowanne na daidaita shi, na danne da dutse, na koma ina jin daɗin tsarin aikina. Washegari duk sha biyun babu ko ƙwaro. Baba Ilu ya zo ya tsaya ya rungume hannu.

"Habu, kifin nan yanzu tafiya yake ko dawowa?"

Bakunan duk rafi na sa su kallo. Da damina kifi ba ya zama a rafi. Ruwa na hawa fadama yake bin sa cikin ciyawa, can yake ci, can yake haihuwa. Lokacin da rafi ya fi cika, lokacin ya fi zama wayam. Da kaka, in ruwa ya fara janyewa, sai ya juyo gida ta waɗannan ƙoramu, don haka bakin gura fadama zai kalla. Da sanyi ya gangara ƙasa inda zurfi yake, sai kalli, ragar da ake shimfiɗawa a bar ta. Da bazara rafi ya yanke, ya bar ruwa a wurare masu zurfi da muke kira gulabe, duk kifin da ya rage yana cikinsu a matse, yana jiran ruwan farko. Wanda ya kai wannan ruwan, shi ne irin shekara mai zuwa.

Cikin masu sayen kifina babu kamar Inna Talatu, mai tuyar kifi a kasuwar Ajingi, wadda ita ce shugabar mata masu tuya. Takan ɗaga tarwada ta shinshina ta ce, "Ɗan Malam, wannan ta bayan gonar rake ce, ƙarnin laka ya yi mata yawa, kai wa masu banda." Ba ta taɓa kuskure ba. Sau ɗaya na gwada ta, na haɗa na wuri biyu a daro guda. Ta ware su gida biyu, ta ce in je in gwada sa'ata.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ruwan sama ya ɗauke da wuri. Rafi ya cika sau ɗaya, bai hau fadama sosai ba, kifi bai samu ya haihu yadda ya saba ba. Kafin tsakiyar bazara gulabenmu bakwai sun koma biyu. Akwai Farin Gulbi, babba, mai faɗi, ruwansa garau, ƙasansa yashi. Akwai kuma Gulbin Giyayya, ƙarami, baƙi, ganye ya rufe samansa, in ka gan shi ba ka ce ko kwaɗo zai yarda ya kwana a ciki ba. Amma yana da zurfi, yana da inuwa, saiwar giyayya ta yi masa ɗakuna a ƙarƙashin gaɓa. Na san duk tarwadar da ta rage a rafinmu nan ta taru. In aka kwashe ta, babu inda wata za ta fito.

Baba Ilu a lokacin yana Gaya wurin 'yarsa, an yi masa aikin ido. Sai ga Sadisu, ɗan gwaggona, taubashina, mai noman rani da injin ban ruwa, ya same ni ina ɗinkin raga, mutum shida a bayansa.

"Limamin kwaɗi, barka da hutawa. Tumatir ya ƙone, gidaje babu na miya. Kwarfa za mu yi. Wane gulbin ne da kifi?"

Kwarfa, wato kwashe ruwan gulbi a tsinci kifi, ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun yi. Amma da ƙwarya suke yi, hannu ya gaji kafin ruwa ya ƙare, kifi ya samu wurin ɓuya. Inji ba ya gajiya. Na so in yi shiru, amma tambaya aka yi min kai tsaye, ni kuma ban iya ƙarya ba.

"Yana Giyayya," na ce. "Amma shi ne iri. Ku bar shi."

Sadisu ya dubi mutanensa, suka kwashe da dariya.

"Kun ji shi ko? Mu je mu sha wari a kwatami, shi kuma ya ji daɗin Farin Gulbi shi kaɗai. Ashe malamai ma sun iya dabara!"

Kwana biyu suna zuƙar Farin Gulbi, inji biyu, rana tana dukansu. Da ƙasa ta bayyana suka tsinci karfasa 'yan ƙanana da ba su cika daro biyu ba, da kunkuru ɗaya, da wani tsohon takalmin roba. Ruwa mai faɗi marar inuwa, da bazara zafi yake yi har ƙasa. Babban kifi ya bar shi tun kafin rafi ya yanke. A rana ta uku da hantsi na ji ƙarar inji daga wajen Giyayya.

A al'adarmu Sarkin Ruwa yana iya kulle gulbi. Sanda yake kafawa da kaba a ɗaure a kanta, daga nan babu mai shiga sai ya cire. Amma ba ya kullewa da jin labari. Sai masunci ya kawo masa shaida: tarwada mace mai ƙwai, da ranta, daga wannan gulbin, ya taɓa da hannunsa, sannan a mayar da ita inda aka kamo ta a gaban mutane. In ta mutu a hanya, magana ta mutu. Na kira Baba Ilu a waya ina haki.

"Kunne ba ya kulle gulbi, Habu," ya ce. "Kawo ta."

Na isa Giyayya da bokiti, na tarar sun jefa tiyo, ruwa yana kwarara cikin wani kwarin laka a bayan gaɓa. Mata sun fara taruwa da daro. Na tuɓe riga na shiga.

"Ku bar shi ya ɗebi na miyarsa," in ji Sadisu. "Ai shi ya yi mana fatawa."

Kamun tarwada da hannu a cikin saiwa, numfashi kake ɗaukewa ka nutse, ka zura hannu har kafaɗa, ka bi ta da tafin hannu a hankali sai ka kai bayan kai, sannan ka damƙe. Ta farko na juya cikinta: namiji, ga ɗan tsironsa mai tsini. Na sake shi. Na biyu namiji. A nutso na uku kurungu ya soke ni a tsakanin yatsu, na fito ina yarfe hannu, samari suna ihu wai liman ya sha mari. Na huɗu ma namiji. Sai na tsaya na yi tunani. Mazan a bakin ɗakunan suke; matan, da nauyin da suke ɗauke da shi, can ƙurya za su shige inda ya fi sanyi. Na zagaya gefen da rana ba ta taɓa gani, na nutse har kunnuwana suka yi zafi. Wadda na fito da ita ta kai tsawon hannuna, cikinta a cike, da laushi. Na zuba mata ruwan gulbin rabin bokiti, na rufe da ɗanyar ciyawa. Ruwa a lokacin yana kai min ƙirji.

Ɗan acaɓan da na tare a bakin titi, sai da muka yi nisa ya ji abu yana bugun bokiti a bayansa.

"Malam, fasinja biyu ka hau min da su?"

"Yi a hankali a ramuka, don Allah."

"Asibiti za mu kai ta ne?"

"Kusan haka."

Sau biyu na sa ya tsaya a inuwa na duba ta. Kafin mu shiga Gaya rigarsa ta jiƙe daga wuya zuwa ƙugu, ya ce bai taɓa yin aikin rana mai sanyi irin wannan ba.

Baba Ilu yana zaune a kan tabarma a soro, ido ɗaya a rufe da auduga. Ban gama gaisuwa ba ya miƙo hannu. Ya laluba ya kama ta yadda ake kamawa, ya shinshina.

"Giyayya ce."

Ya matsa cikinta da babban yatsa, a hankali. Ƙwai suka fito, kore-kore, ƙanana kamar riɗi. Ya murza su tsakanin yatsu, ya mayar da ita cikin bokiti, ya fara neman takalminsa da ƙafa. Sai ga 'yarsa, Yaya Rabi, ta fito da muciya a hannu.

"Ina zuwa, Baba?"

"Nan kusa."

"Da takalmin ruwa? Likita ya ce ko sunkuyo kada ka yi. Habu, kai ma da hankalinka, za ka ɗora min tsoho a babur?"

Na sunkuyar da kai. Baba Ilu ya yi ƙoƙarin rarrashi, ya yi faɗa, ta ɗauke takalmin ta shige da shi ciki. Can ya ce a zaro masa kaba daga igiyar rumfa. Ya ɗaure ta da irin ƙullinsa, madauki biyu da jela ɗaya, ido a rufe, ya miƙo min.

"Kai za ka kafa."

"Baba, ba za su ji maganata ba."

"Ba maganarka za su ji ba. Tashi, yarinyar nan ta gaji da bokiti."

Bayan azahar muka iso. Ruwa ya sauka zuwa cinya. Saiwar giyayya ta fito fili, tarwada sai leƙowa suke suna haɗiyar iska, baki-baki ko'ina, mutum ya fi ɗari a gaɓa, kowa da abin zubawa. Na sari sanda, na ɗaura kabar, na tsaya na yi sallama. Ni kaina ban ji muryata ba saboda inji. Na sake yi. Wata mata ta ce in matsa ina tare mata gani.

Sai na shiga ruwan da bokitina, na lalubo bakin tiyo, na ɗaga shi sama. Inji ya zuƙi iska, ya yi tari, ya shiga kuka babu ruwa. Sadisu ya yi tsalle ya kashe shi kafin ya ƙone. Na kafa sandar a laka, na karkata bokitin, tarwadar ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta kaɗa jela ta nufi saiwa.

"Baba Ilu ya kulle," na ce.

"Baba Ilu yana Gaya da auduga a ido!" in ji Sadisu. "Kaba kuwa har a ɗaurin akuyata akwai ta. Habu, wasa wasa ne, amma kwana uku muna ƙona fetur. Dubi mutanen nan. Wa ya ci kifi a gidansa tun sallah?"

Babu ƙarya a maganarsa. Wasu samari har sun fara naɗe wando. Sai Inna Talatu, wadda ta zo da daro uku don saye, ta sauko gaɓa tana dafa gwiwa, ta ce in miƙo mata kan sandar. Ta juya ƙullin, ta duba gaba da baya.

"Hannun Ilu ne. Tun ina budurwa nake ganin ƙullin nan." Ta juya wajen Sadisu. "Ɗan nan, kwashe abinka in ka ga dama. Amma kifin da ya fito daga ƙarƙashin kaba ba zai shiga kaskona ba, ba zai shiga na kowace mace a kasuwa ba. Kada ka ce za ka haɗa min shi da na wani wuri, hancina lafiyarsa ƙalau. Ka ci naka, ka ba maƙwabta, sauran ya ruɓe maka a tsakar gida cikin zafin nan."

Ta kife darukanta ɗaya cikin ɗaya, ta ɗora a ka. Matan da ke bayanta suka yi haka. Samarin suka fara sauke wandunansu kamar dama ƙaiƙayi suke sosawa.

Sadisu ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya dube ni.

"A haka zai kai damina?"

"A'a. Ya yi kaɗan. Zai yi zafi."

Ya yi tsaki, ya haura gaɓa, ya leƙa kwarin da suka yi ta zuba ruwan. Ƙasan laka ce, ba ta shanye duka ba. Ya jawo tiyon daga hannuna ya jefa can, ya juyo da ɗaya bakin cikin gulbi.

"Limamin kwaɗi, riƙe min nan. In ka ba wani labarin cewa na yi wa kifi ban ruwa, ni da kai ne."

Abin da ya dawo bai kai ƙirji ba, ya tsaya a cibiya. Sati shida muka yi kafin ruwan farko. Na yi wa gefen rana rumfa da zana, ina korar zalɓe da majajjawa, kullum ina tsamo waɗanda suka mutu don kada su ɓata ruwan. Sun mutu da yawa, ba zan ɓoye ba. Kurungu kusan duk ya tafi. Ni kuma a watannin nan gaiwa na yi ta haƙa da fartanya, Inna Talatu tana karɓa tana mita.

Da rafi ya kawo, ya haɗe da gulbin, ya haura fadama, da safe na je na tarar da bayan tarwada yana ratsa ciyawa a ruwan da bai kai idon sawu ba. Bayan sati uku Baba Ilu ya dawo, Yaya Rabi ta sako shi da tabarau. Ya ce in kai shi fadama. Muka tsaya a bakin gonar shinkafar Sadisu, na sa ƙwarya na ɗebo ruwa daga cikin kunya. 'Ya'yan tarwada ne a ciki, baƙaƙe, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, da 'yan gashin bakinsu. Ya cire tabarau ya kawo ƙwaryar kusa da fuskarsa, ya daɗe.

"Shekara huɗu rabon da in ga waɗannan da ido," ya ce. "Mayar da su."

Daga nan muka gangara Giyayya. Sandar tana nan, ruwa ya kusa shanye ta, kabar kawai ke leƙe. Na ce ko in shiga in ciro masa. Ya ƙura mata sabon idonsa.

"Wa ya kafa wannan a karkace?"

"Ni ne, Baba."

"To wanda ya kafa shi ke cirewa, in kaka ta yi. Gobe ka zo da kaba, in nuna maka ƙullin."